Tanka da Mintinsa Bakwai

Ni ba mai yawan surutu ba ce, kuma ba na son ƙarya. Amma abin da ɗan ƙanena ya yi mana a gidan nan, in ban faɗa ba wani zai faɗa ya ƙara gishiri. Gara ku ji daga bakin wadda aka yi a gabanta.

Direba ne a wani kamfani, shi ke jan babbar motar da ke kwasar ma'aikata safe da yamma. Abokan aikinsa Tanka suke ce masa, wato tankar mai, kuma ba su zalunce shi ba, don in ya zauna a kujerar direba, sitiyari a kan cikinsa yake hutawa. Ni na raine shi bayan rasuwar uwarsa, shi ya sa da gwiwoyina suka fara ciwo ya ɗauko ni ya ba ni ɗakin da ke kallon tsakar gida. Gidan haya ne. Mu muna ƙasa, tela yana ɗakin bakin ƙofa da kekensa na ƙafa, wata nas tana saman bene. Babu abin da ke gilmawa a tsakar gidan nan ban gan shi ba.

Wata Litinin ya dawo da takarda a hannu. Likitan kamfani ya auna shi, jininsa ya hau, nauyinsa kilo ɗari da goma sha biyu. Likitan ya ce ya ba shi mako shida ya zubar da kilo biyar. In bai zubar ba, ba zai sa hannu a takardar lafiyarsa ba, kuma wanda ba shi da takardar nan ba ya taɓa sitiyarin kamfani.

Matarsa ta ɗora hannu a ka. "Baban yara, in suka karɓe motar nan ina za mu sa kanmu?"

Na ce, "Abin ai ba wuya. Ka rage ci, ka daina lemon kwalba, ka riƙa zuwa aiki da ƙafa."

Ya yi dariya har cikin yana rawa. "Gwaggo ke nan. Wannan ai maganin mutanen da ne. Duniya ta ci gaba."

Ya ciro waya ya nuna mana wani ƙato ba riga, cikinsa a shafe kamar an bi shi da dutsen guga, yana tsalle yana ihu. Tanka ya ce minti bakwai kacal mutumin yake yi a rana, kuma a minti bakwai ɗin yana ƙona kalori dubu.

Na ce, "Mene ne kuma kalori?"

"Man da ke cikin abinci ne, Gwaggo, kamar fetur a mota. Mota in ka lallaɓa ta, kaɗan take sha. In ka take ta da ƙarfi, yanzu sai ta shanye tanki. Ni direba ne, wa zai koya mini shan mai? Kilo biyar! Ni tsorona ɗaya, kada in rame likitan ya kasa gane ni."

Washegari da safe ina zaune bakin ƙofata sai ga shi da gajeren wando, ya ɗaura tawul a goshi. Ya jingina wayar a jikin bokiti, ya ce kowa ya ba shi wuri. Tela ya leƙo da tef a wuya. Nas ta tsaya a saman bene da kofi a hannu.

Minti na farko ya yi tsalle. Wallahi ƙasa ta amsa, har kwanukan da ke kife a kwando suka yi ƙara. Minti na biyu ya kifa zai ɗaga jikinsa da hannuwa, sai cikin ya riga hannuwan isa ƙasa. Ya yi yunƙuri sau biyu, a na uku ya kwanta. Sauran minti biyar ɗin a kwance ya yi su, yana haki kamar tsohuwar mota a kan hawa, mutumin cikin waya yana ta ihu shi kaɗai.

Da wayar ta yi ƙara ya ɗago kai. "Kalori dubu! Maman yara, kawo burodi. Ki soya ƙwai huɗu. Shayin a sa madara sosai."

Na ce, "Kai, ba ramewa ka ce za ka yi ba?"

"Gwaggo, mota ba ta tafiya da tanki fayau. Dubu na ƙona. In na mayar da ɗari shida, ai ɗari huɗu sun tafi. Lissafi ne, ba za ki gane ba."

"Ban iya lissafi ba, amma na iya kallon ciki."

Bayan ya share farantin ya kora da lemon kwalba. Nas ta sauko za ta tafi aiki, ta tsaya a kansa.

"Maƙwabci, wa ya ce maka dubu?"

"Masana."

"To ka ji na gaskiya. Mutum mai jikinka, in ya yi minti bakwai cif da ƙarfinsa, ba hutu, da ƙyar ya ƙona ɗari. Kai kuwa biyu ka yi. Kwalbar nan da ke hannunka ta fi abin da ka ƙona nesa ba kusa ba."

Ya girgiza kai yana murmushi. "Kin manta da na baya. Bayan an gama, jiki yana ci gaba da ƙonawa har kwana biyu. Yanzu haka da nake zaunen nan wuta ce ke ci a cikina."

"Akwai na bayan, amma bai wuce biskit ɗaya ko biyu ba. Motsa jikin yana da kyau, zai taimaki zuciyarka in ka bi a hankali, kuma mai hawan jini ba ya fara tsalle bai tambayi likita ba. Amma kilo ɗaya na kitse sai ka ƙona wajen dubu bakwai. Aikin a faranti yake."

"Nas, allura kika karanta. Ki bar wa masu abu abinsu."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta wuce.

Tela ya ce, "Tanka, wutar da ke ci a cikin naka, a kawo ruwa ne ko a kawo ƙarin burodi?"

"Kai dai tanadi almakashi. Kwanan nan za ka rage mini kaya."

Kwana uku yana tafiya a tale saboda ciwon cinya, ya ce alamar kitse ne yake narkewa. Rana ta huɗu mutumin waya ya ce a riƙa hawa kujera ana sauka. Duk kujerun gidan nan bai ga wadda ta yi masa ba sai tawa ta roba, wadda nake zama a kai in tsince shinkafa. Na shiga ɗaki ɗauko tsintsiya, sai na ji ƙaras! Na fito na tarar ƙafarsa ta huda kujerar ta shige har gwiwa, yana zagaya tsakar gida da ita yana kiran matarsa. Sai da tela ya kawo zarto aka yanka kujerar aka fid da shi.

Na ce, "Kalori nawa ke nan?"

Ya ce, "Gwaggo, ba a gina babban abu ba a yi ɓarna ba."

Na ɗaga tsintsiyar, ya shige ɗaki.

Mako na biyu ya kwance igiyar shanya zai yi tsallen igiya. Bai lura ɗaya bakin yana ɗaure da ƙusa a bango ba, da fararen kayan aikin nas a kai. Ya wulwula sau ɗaya, kayan suka tashi sama suka sauka a kwatami. Ranar na ji nas ta yi maganganun da ban san ana koyar da su a asibiti ba.

Mako na uku ya ce ƙarfe zai ɗaga. Da yake ba shi da ƙarfe, ya cika jarka biyu da ruwa, ya soka sandar goge-goge a hannuwansu, ya ce matarsa ta tsaya ta ƙirga.

"Baban yara, sandar nan fa ba ta da ƙwari."

"Ƙirga kawai."

"Ɗaya."

Ba ta kai biyu ba. Sandar ta karye, jarka ɗaya ta faɗo masa a babban yatsan ƙafa, ɗayar ta fashe, ruwan ya miƙe sai ɗakin tela. Tela ya fito da yadin mutane a ka yana salati. Tanka yana tsalle da ƙafa ɗaya, kuma in faɗi gaskiya, tsallen ranar ya fi na kullum tsawo. Da ya huce ya ce tunda wahalar yau ta ninka, ƙwai shida za a soya.

A nan ne nas ta ce masa, tunda bai yarda da ita ba, ya nemi agogon nan da ke ƙirga motsin mutum. Ya samo, baƙi, mai haske. Ya ɗaura, ya tara mu, ya ce yau za a ji kunya. Ya yi mintinsa bakwai, biyu a tsaye biyar a kwance, ya miƙa wa nas hannu ba tare da ya duba ba.

"Karanta musu da ƙarfi."

Ta karanta. "Arba'in da ɗaya."

"Ɗari huɗu da goma dai."

"Arba'in da ɗaya, maƙwabci."

Ya kalli agogon, ya buga shi a tafin hannu, ya kara a kunne. "Jabu ne. An cuce ni."

Na ɗauka a nan zai dawo hayyacinsa. Ina! Da yamma ya je hira ɗakin tela, ya zauna yana kallon ƙafar tela tana taka keke, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ina hango shi daga ƙofata, na ga idonsa ya yi wani ƙyalli, na san ba alheri. Ya kwance agogon ya ɗaura wa tela a idon sawu. Kafin tela ya gama hannun riga ɗaya, agogon ya ƙirga taku dubu.

Tela ya ce, "Wannan ba ha'inci ba ne?"

"Wane ha'inci? Agogon ne ya danne mini haƙƙina, ni kuma ina karɓa ta wata ƙofar. Likita mutum ne mai son lamba, zan kai masa lamba."

Daga ranar, kullum zai fita aiki sai ya ɗaura wa tela agogo, in ya dawo ya kwance. Na kira shi ɗaki na ce, "Ɗan nan, abin da kake yi ƙarya ce, kuma ni ban raine ka da ƙarya ba." Ya ce to, Gwaggo, ya fita ya ci gaba.

Abin da ya fi ba ni haushi, kwana biyu da farawa sai ya manta ƙafar wa ke yin aikin. Zai dawo ya kwance agogon, ya duba, ya riƙe baki.

"Maman yara, zo ki gani! Yau kalori dubu da ɗari biyu. Dole a ƙara shinkafar nan, kada in faɗi."

Ta ce, "Baban yara, ai tela ne ya..."

"Agogon wa?"

"Naka."

"To."

Ranar da tela ya samu aikin labule mai yawa, Tanka har faranti uku ya ci, ya ce jikinsa duk ya mutu da gajiya.

Akwai ma'auni a asibitin su nas, ta ce ya zo ya hau ya ga inda yake. Ya ƙi. Ya ce ba ya son ya ɓata wa kansa daɗin mamaki. Ana saura kwana uku a koma gaban likita ya kai wa tela wandon aikinsa.

"Rage yatsa huɗu a ƙugu."

"Tsaya in gwada ka tukuna."

"Tef ɗinka bai san kimiyya ba. Ramar daga ciki take farawa, ranar ƙarshe take bayyana gaba ɗaya. Rage."

Tela ya dube ni. Na ce, "Wandonsa ne. Rage masa."

Ranar awo ya ce duk gidan sai mun je mun shaida, musamman nas, amma ita ta ce tana da marasa lafiya na gaske. Sa wandon kaɗai ya ci rabin awa. Ya kwanta a gado ya riƙe numfashi, matarsa tana jan gefe ɗaya, tela yana jan ɗayan, har maɓallin ya shiga. Aka tashe shi tsaye kamar katako. Bai iya zama a tasi ba, a kishingiɗe ya je.

A filin kamfanin an kafa tebur a ƙarƙashin rumfar motoci. Likita yana zaune da takardu, ma'auni a gabansa, manaja a gefe da kofin shayi. Direbobi da makanikai sun yi layi. Ni da matarsa da tela aka ba mu benci.

Da aka kira shi bai hau kai tsaye ba, sai da ya juya ya fuskanci jama'a.

"'Yan'uwa, kun san ni da. Yau za ku ga aikin minti bakwai. Duk mai so ya same ni bayan an tashi, zan koya masa."

Wani makanike ya ce, "Tanka, ramar a aljihu ka sa ta?"

Ya hau. Likita ya duba, ya gyara tabarau, ya sake dubawa.

"Ɗari da goma sha biyar."

Tanka ya ce takalmi ne. Ya cire takalmi, ya cire hula, ya ajiye waya da makullin mota, har biro ya cire daga aljihu. Ya sake hawa a hankali da ƙafa ɗaya, kamar mai shiga ruwan sanyi.

"Ɗari da goma sha huɗu da rabi."

"Ranka ya daɗe, ma'aunin nan ya lalace. Ga shaida." Ya kwance agogon ya ajiye a tebur.

Likita ya danna, ya danna. "Ranar Talata taku dubu talatin da biyu, daga tara na safe zuwa biyar na yamma."

"Ƙwarai."

Manaja ya ajiye kofinsa. "Talatar da ta wuce? Ai ranar kai ka kai ma'aikata taro, wuni ka yi a kan sitiyari. Da ƙafa ka tura motar?"

Sai tela, wanda Allah bai ba shi riƙon magana ba, ya ɗaga hannu daga benci.

"Ranka ya daɗe, ranar ce na ɗinka labule goma sha biyu. Har yanzu ƙafata ba ta saki ba."

Dariyar da aka yi, har mai gadi ya baro ƙofa ya zo ya ji. Wani direba ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Likita ya ce tela ya zo ya hau ma'aunin, ai shi ya yi aikin.

Da mai hankali ne da ya yi shiru. Tanka ya ɗaga hannu biyu. "Ku tsaya! Ba ku ga abin da idonku ba ne. Ranka ya daɗe, ba ni minti ɗaya in nuna."

Matarsa ta ce, "Baban yara, wandon!"

Ya riga ya tafi. Ya buɗe ƙafafu, ya miƙa hannuwa gaba, ya tsuguna da ƙarfi. Wandon ya ce ɓaaar, daga ƙugu har gwiwa. Maɓallin ya tashi kamar an harba shi, ya wuce ta gefen kunnen likita, ya faɗa tsulum cikin shayin manaja.

Ni ban yi dariya ba. Na tashi, na cire mayafina na ɗaura masa a ƙugu kamar yadda nake yi masa yana ɗan shekara uku, na ce, "Miƙe."

Manaja ya tsamo maɓallin da cokali, ya ɗauki makullin motar daga tebur ya sa a aljihunsa. A nan fuskar Tanka ta sauya. Matarsa ta fara share ido. Likita ya ce ba zai sa hannu ba, ba zai ba mai irin wannan jini mutum arba'in ya tuƙa ba.

Na matsa gaban teburin. Na ce, "Likita, gaskiyarka, ko ni ba zan shiga motarsa ba. Manaja, wawa ne, amma shekara goma sha ɗaya yana jan motarku bai taɓa goga ta a bango ba. Ba ku da aikin da ake yi a tsaye?"

Manaja ya dube ni, ya dubi Tanka da mayafi a ƙugu. Ya ce akwai wurin wankin motoci. Manyan motoci shida, famfon yana can ƙarshen fili, bokiti ake ɗauka. Mako shida. In ma'auni ya yarda, makullinsa na nan.

Na ce, "Ya karɓa."

Tanka ya ce, "Gwaggo, ai ba a tambaye..."

"Ya karɓa."

Daga ranar ni ke raba abinci a gidan nan. Faranti ɗaya, ba ƙari. Lemon kwalba ya manta hanyar gidanmu. Da ƙafa yake zuwa aiki, da ƙafa yake dawowa, a tsakani yana jan bokiti yana hawa tsani da soso. Nas ta ce in yana son mintinsa bakwai ya yi a hankali bayan likita ya yarda, amma ba a kan kujerar kowa ba, kuma ba ladan ƙwai. Agogon kuwa na sa shi a ƙasan akwatina.

Da mako shida suka cika ya hau ma'auni, ɗari da bakwai. Likita ya sa hannu, manaja ya ciro makulli ya ba shi. Wandon ma tela ya ɗinke inda ya yage, ya mayar da yatsa huɗun da ya rage, ya zauna masa daidai.

Da yamma ya shigo gida yana kaɗa makullin a yatsa. Ya tsaya a tsakiyar tsakar gida, ya kira nas, ya kira tela.

"To, wa ya yi gaskiya? Ban ce muku bayan an gama jiki yana ci gaba da ƙonawa ba? Mintina bakwai ne na farkon nan, sai yanzu aikinsu ya iso."

Nas ta koma ɗaki ta rufe ƙofa. Tela ya ci gaba da taka kekensa. Ni kuwa na duba, randar gidan ba ruwa, na miƙa masa bokiti.